Ba Iya Tabawa Ce Ta Turo Kububuwa Ba

Baba, Inna, da duk mutanen gidanmu na Dogo,

Wata biyu ke nan ina kwance a likitar Zinder. Kuna zuwa dubiya, ina sunkuyar da kai, kuna cewa Hadiza dai da kunya. Ba kunya ba ce. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na san kububuwar nan tun kafin ta sare ni.

Da na zo hutun lakwal, makarantarmu ta boko, na taho da littafin soyayya na Faransanci a ƙunshe cikin zanena. Bayan rumbu nake ɓuya in karanta, inda aka jibge tsohon kara, ɓeraye na ta kai da kawo. Sau uku na gan ta a nan, a naɗe, tana goga jikinta tana wannan ƙara kamar ruwa ya zuba a garwashi. Na yi shiru. Na san in na faɗa za a kwashe karan, in rasa maɓoyata.

Ran nan bayan azahar, ina tsakiyar karanta wurin da saurayin cikin littafin ya dawo daga teku, na miƙe ƙafa. Shi ke nan.

Abin da ya biyo baya kun sani, amma zan faɗa don har yanzu raina a ɓace yake. Baffa Sule ya ɗaure mini ƙafa da igiyar guga har na daina jin ta. Ya tsaga wurin da aska. Aka kira gardin nan mai wasa da macizai, wanda ya kafe mana gida bara, ya binne layu a kusurwa huɗu. Ko ƙafata bai duba ba. Cewa ya yi: "Gidan da na kafe maciji ba ya shiga da kansa. Wannan turowa aka yi."

Nan take kowa ya juya ya dubi dangar Iya Tabawa, don kawai kun yi cacar baki da ita a kan iyakar fili.

Kwana biyu ana ba ni jiƙo ina amayarwa. Dasashina ya fara zubar jini, fitsarina ya koma ja. Sai da Inna ta tsaya a ƙofar zaure ba ko mayafi ta ce wa Baba, "Malam, ko ka nemo motar kamyo, ko in goya ta in kama hanya," sannan aka sayar da akuyarta aka kawo ni.

Lokotoro ya ɗebi jinina a ƴar kwalba ya ajiye. Da ya dawo ya karkata ta, jinin ya gudana kamar ruwa, bai daskare ba. Ya kwance igiyar ya ce, "Wa ya yi wannan? Macijin ya ci rabi, ku kun ci rabi."

Aka yi ta yi mini allura. Ƙafa ta kumbura har cinya, tana wari, ni kaina ina ƙyamarta. Ranar da gari ya ɗauki kiɗan samun ƴancin kai, ranar aka yanke mini yatsu biyu. Ina jin ganga ta taga ina cizon matashi.

Yanzu ina takawa da sanda, alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa Inna, da anfirme Mariyama, wadda na ba labarin littafin, da take wanke mini ciwo tana tsokanata: "Amaryar littafi, ɗago ƙafa, saurayinki na teku ba zai ƙirga yatsu ba."

Jiya Inna ta gaya mini ba mai sayen daddawar Iya Tabawa, yara na jifan ƙofarta, kuma an ce ta bar gari da an gama girbi. Tsohuwar da ta yi mini kitson sallah tun ina rarrafe! Ina za ta? Gardi ya kare sunan layunsa da ita, ku kun huce haushin fili a kanta, ni kuma na rufe bakina don littafi. Ni na fi kowa laifi.

Don Allah ku kwashe karan nan ku kai shi nesa da ɗakuna. Ku share ƙarƙashin rumbu, ku toshe ramukan ɓera, ku samo kyanwa, don ɓera maciji yake bi. Ciyawar gindin danga a nome ta. In an sari wani, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, kada a jira gardi, a nufo likita a ranar. Kuma wanda ya ga maciji ya buɗe baki ya faɗa.

Sau biyu ina rubuta wannan ina yagawa. Na san Baba zai ce lakwal ta lalata ni, wataƙila ma a hana ni komawa. To.

Ga Yaya Isuhu can ya shigo da ƙwaryar fura, yau zai koma gida. Zan ba shi takardar nan. Yaya, ka karanta ta a zaure da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya, kuma kada ka fara sai an kira Iya Tabawa an shimfiɗa mata tabarma.

Hadiza