Dogon Idon Kamarata

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A Agadas ne, shekarar babban farin nan, lokacin mulkin soja, ina da ɗan shagon hoto kusa da kasuwa. Makiyaya sun kwararo daga daji dabbobinsu duk sun ƙare, aka zube su a bayan gari cikin bukkokin tabarma, kullum sai an kai wasu makabarta, amma ba ka isa ka ce yunwa ce ba.

Wata rana da hantsi wani liyetna, hafsan soja, ya zo ya ɗauke ni a mota, wai za a raba dawa, ana son hoto. A hanya ya ce, “Buhuna za ka ɗauka da masu karɓa. Ba wanda yunwa ta kashe a garin nan, ka ji ko?” Na ce na ji, ranka ya daɗe.

Kamarata irin mai pelikil ce, wato fim ɗin da ake wankewa, idonta biyu, gajere na kusa da dogo na nesa, ana murɗe wannan a sa wancan. Na gama da gajeren, sai na juya wa iska baya, na rufe ta da rigata don kada rairayi ya shiga, na murɗa dogon har ya ce ƙas, na ɗaga.

Innalillahi! Bayan igiyar da aka tare mutane da ita, filin da na san fayau yake, cike yake maƙil. Maza da mata da yara a layi, ba mai motsi, kowa da ƙwarya a hannu. Na sauke kamara, ba kowa sai ƙasa. Na sake ɗagawa, suna nan. A gabansu kuwa Inna Tamu ce, tsohuwar da ke kawo mini cuku shago, wadda ni da hannuna na taya aka sa ta a rami satin da ya wuce. Ni take kallo, ba fushi, ba roƙo, kallo kawai.

Liyetna ya ga na sandare, ya daka mini tsawa, ya fizge kamarar ya kai idonsa. Na rantse ya daɗe a haka. Can ya ce a hankali, “Wancan tsohon mai sandar, ni na kore shi daga layi, na ce ya dawo wani lokaci.”

Na zaci abin zai taɓa shi. Ina! Ya buɗe bayan kamarar ya zare pelikil ɗin ya shanya wa rana, ya ce in sa sabo, in mai da gajeren ido. Haka na yi, ina da iyali. Hoton da aka buga a jarida shi ne nasa, yana miƙa buhu yana murmushi.

Na goge dogon idon nan, na duba shi ciki da waje, madubi ne kawai. Ban sake ɗora shi ba. Har yau ban san abin da aka nuna mana ba, kuma in na bi ta wajen, ko da yanzu gidaje ne, sai tsigar jikina ta tashi.

Don Allah in kun ratsa fili kuka ga kamar ba kowa, ku yi sallama. Wataƙila har yanzu suna tsaye suna jiran rabonsu.