Mun Sa Matar Mai Barkwanci Barci

Ina cikin karanta shafi na uku sai na ji minshari.

Jiya ne muka je gidan marigayi Malam a nan Daura, marubucin barkwancin da muka kafa ƙungiya don tunawa da shi. Sabuwar mujallar ƙungiyar muka kai wa matarsa, Hajiya. Tunda idonta ya yi rauni, aka ce ni in karanta mata.

Editanmu, Malam Lawal, ya buɗe mini tasa maƙalar, wata doguwa kan falsafar raha. Shi ne fa ya ƙi buga nawa rubutun, na ranar da akuya ta cinye wa marigayin takardun littafi a motar Zango. Wai zai zubar da mutuncin mujalla.

Da na dakata da karatun, Hajiya ta farka ta gyara mayafi.

"Wai wa ake ta yabo haka ne?"

"Malam ne ai, Hajiya," in ji Lawal yana washe baki.

"A'a, ba dai nawa ba. Shekara arba'in muna tare, ko faɗa muka yi sai ya sa ni dariya. Ku kuwa, 'ya'yan nan, ko kununa bai huce ba kun sa ni barci. Wai babu wanda ya rubuta labarin akuyar nan?"

Wallahi ban kalli Lawal ba. Na dai ji yana ta gyaran murya.

Jama'a, ku gaya mini: wanda ya ƙare rayuwarsa yana ba mu dariya, da hamma ake girmama shi?