A Wane Kunci Billen Yake?

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Yaya Mudi makwancinsa a Zoza, ranar da aka wuni ana yayyafi, ƙasar kabari tana manne wa mutane a ƙafa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ɗan fari. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya sai in ɗauki alƙalami in rubuta wani abu a kansa, in kuma ajiye. Bana ban ajiye ba, domin wani abu ya same ni da ban zaci zai sami ɗan'uwa ba. An tambaye ni a wane kunci billensa yake, na kasa amsawa.

Waɗanda suka san tashar Rogo a wancan zamanin sun san Mudi Mai Fenti. Shi ke zana bodin manyan motocin da ke ɗaukar rake da masara, shi ke rubuta allon shaguna tun daga Rogo har Karaye. Dawisu, jirgin sama, butar shayi tana tururi, duk hannunsa ya iya. Zakinsa ne kawai, Allah ya jiƙansa, ya fi kama da kyanwar mahauta da ta ci ta ƙoshi. Na sha tsokanarsa a kan haka, shi kuwa sai ya ce zakin da zai firgita yara a bakin titi ba shi da amfani. Fuskar mutum ce bai taɓa zanawa ba, saboda mahaifinmu almajirin malamai ne kuma ya hana. Shi kansa ba ya son tsayawa gaban mai hoto. Idan an zo ɗauka a wajen biki, sai ya tuna yana da fenti da zai bushe.

Yana raye aka fara kawo allunan talla na leda daga Kano, waɗanda kwamfuta ke tsarawa inji ya buga. Ina tare da shi ranar da ya fara ganin irinsu a ƙofar wani shagon magani a Karaye. Ya tsaya, ya shafa, har ya sunsuna. Na zaci zai kushe, don ni ma na shirya taya shi. Sai ya ce, "Wallahi ya yi kyau, babu inda layi ya karkace. To amma wa zan yi wa sannu da aiki?" Muka yi dariya muka wuce. Daga baya na gane ba wasa yake yi ba. A wurinsa, zane abu ne da ke da mai shi, wanda za ka tarar da guminsa ka gaishe shi, idan ya ɓata kuma ka san wanda za ka yi wa tsiya.

Na riƙe wannan magana shekara da shekaru, na mai da ita sandar dukan yaran zamani. Duk wanda ya nuna min hoton da ya haɗa a waya ya ce fasaha ce, sai in ce masa fasahar masu wayar dai. Ina da taurin kai, ban musa ba, kuma tsufa bai rage shi ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, aikin hannun da nake taƙama da shi ma bai zauna ba. Motocin da Yaya ya zana sun tafi wurin 'yan gwangwan. Shagunan an sake musu fenti, wasu an rushe. Abin da na sani ya rage shi ne butar shayi ɗaya a jikin wani bango a bayan tasha, ita ma rana ta shanye tururinta, sai wanda ya san tana nan ne zai gan ta.

Ya bar 'ya ɗaya, Ramlatu, wadda ko makaranta ba ta shiga ba sa'ad da ya rasu. A hannuna ta tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tun tana ƙarama take zana min bangon zaure da gawayi ina korarta. Yanzu ta zama budurwa, kuma zanen ne sana'arta, sai dai ba gwangwanin fenti ba buroshi. Wani faffaɗan allo ne irin na waya take riƙewa, da alƙalamin da ba ya tawada, tana tsara wa mutane katin biki da tambarin shago. Mun sha kai ruwa rana da ita. In ce injin ne mai zanen, ta ce to in karɓa in zana mata ko kaza ce tunda injin ke yi. Ban taɓa karɓa ba.

Ramlatu ba ta tuna fuskar ubanta. Abin da take tunawa warin fenti ne da wata hula mai ɗigo-ɗigo. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, ɗan ƙarami irin na katin shaida, shi ma ɗaki ya yi yoyo a kansa wata shekara, ya jiƙe, ya bushe, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A farkon daminar nan ta ɗauke shi da allon nata, ta saka a wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da aka ce tana gyara tsofaffin hotuna. Kafin in gyara zama aiki ya fito. Ta miƙo min, tana kallon fuskata ba allon ba.

Wani kyakkyawan mutum na gani, fata sumul kamar ɗan kasuwar da bai taɓa shan rana ba. Idanun sun ɗan yi kama, hancin ma haka. Amma ba yayana ba ne. Na daɗe ina dubawa kafin in gano abin da ya ɓace. Yaya Mudi yana da bille, tsaga ɗaya da wanzami ya yi masa ranar suna, daga gefen hanci ta gangara kunci. Na'urar ta ga layuka birjik a fuskar hoton, ba ta san wanne ruwa ya yi ba, wanne aska ta yi, sai ta share su duka. Gyara ta yi tsakaninta da Allah, irin gyaran da baƙo zai yi maka idan ya share maka ɗaki ya zubar da maganinka.

Da na faɗa mata, sai ta ce, "Baffa, ba komai, ni zan mayar masa da hannuna. A wane kunci yake?"

Na buɗe baki in ce dama. Sai na ji kamar hagu. Na rufe ido na kira fuskarsa, mutumin da muka kwana tabarma ɗaya, wanda ya goya ni muka tsallake rafi, wanda na riƙe wa kai yana jinya. Muryarsa ta zo, tafiyarsa ta zo, har yadda yake saƙale buroshi a bayan kunne. Billen kuwa sai ya riƙa tsalle daga wannan kunci zuwa wancan. Muka koma kan tsohon hoton, tsagar ruwa ta ratsa kumatun biyu, ba a rarrabewa. Na je wurin wani tsohon direba amininsa a Kafin Dafga, ya rantse dama ne, da na miƙe zan tafi ya ce in tsaya, kamar dai hagu. Ranar na yi kuka a kan babur, ni da furfurata. Ashe mutum sau biyu yake barinmu, na biyun kuma ba a zaman makoki.

Ramlatu ba ta karaya ba. Ta watsar da hoton na'urar, ta buɗe farin shafi, ta zaunar da ni a zaure kullum bayan la'asar. Ni ina faɗa, ita tana ja. In ce goshin ya fi haka faɗi, ta goge ta sake. In ce ba haka yake murmushi ba, gefe ɗaya yake ɗagawa, ta ciji leɓe ta sake. Haka muka ci makonni. Na ga wuyanta ya ƙage, na ga ta yi fushi ta kife allon ta shiga gida, ta kuma dawo. A nan na fara tambayar kaina me Yaya zai ce da ya leƙo zauren. Ina jin zai kalli hoton farko ya yaba kyansa ya wuce, don babu kowa a bayansa. Na biyun kuwa, ko da babu ɗigon fenti a yatsun mai yinsa, zai tarar da mutum zaune yana wahala. Har yanzu ban yarda duk abin da ya fito daga kwamfuta fasaha ba ne, kuma ba zan yarda ba. Amma na daina cewa allon ne ke zane. A allo ɗaya aka yi hotunan nan biyu, ɗaya ya share min ɗan'uwa, ɗaya yana ƙoƙarin dawo da shi.

Fuska ta kammala, saura bille. Mutum ɗaya ya rage da za a tambaya, wato Innarmu, wadda ke nan da ranta a Zoza, ta haura tamanin. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu mata, ta Inna kuwa ta wuce misali. Tsawon rayuwarsa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan yaron" take cewa. Idan ya shigo gaishe ta sai ta juya tana tsintar wake, ta amsa wa bango. Ko ranar da ya rasu ba a ga hawayenta ba, mutane na ta yaba haƙurinta. Shi ya sa na ce wa Ramlatu kada ta sa rai.

Muka same ta da hantsi a gindin darbejiya. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi damina da jikin tsufa, Ramlatu ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo mu. Inna ta kawar da kai.

"Ke 'yar nan, ba ki da ta ido? Ni ina na taɓa kallon fuskarsa?"

Na yi wa Ramlatu alama mu bar maganar. Tana shirin mayar da allon cikin jaka sai Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Hagu ne. Kuma ba miƙaƙƙe ba ne. Ya zabura a hannun goggonsa askar ta goce, ƙarshen ya ɗan lanƙwasa wajen kunne. Ina daga ɗaki na ji kukan ya canja."

Ramlatu ta ja layin a nan take, a kan gwiwarta, ta lanƙwasa ƙarshensa. Ni dai ina ganin ya zauna na san shi ne, har na ji kunyar kaina. Abin da ya rage na Yaya Mudi a duniya ba ya jikin mota, ba ya jikin bango, ba ya ma cikin kaina da nake tinƙaho. Yana wurin tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana kawar da ido, da yarinyar da ta gaji hannunsa ba ta gaji fuskarsa ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya sa mu tarar da shi cikin rahama.

Mun miƙe za mu yi sallama Inna ta miƙo hannu. Ramlatu ta ɗora mata allon a cinya. Ta kai shi kusa da idonta, ta kalli ɗanta kai tsaye, a gabanmu, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta daɗe. Sannan ta sa yatsa a gefen hular, inda Ramlatu ta zana 'yan fararen gashin da na gaya mata, ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe Mudi ya yi furfura?"