Gonar da Baba Ya Ƙi Gama Girbewa

Wata safiyar Asabar ce a ƙarshen daminar 1976, ina 'yar aji huɗu, ina tsugune ina cire ciyawa a kunyar dankali, sai na ji rurin tifa a bayan gidajenmu na Unguwar Kanawa. Ta tsaya a bakin fili, leburori suka diddiro da diga da shebur, Alhaji Sabo ɗan kwangila ya fito yana saɓa babbar riga. Nan take na san jar ƙasar filin suka zo haƙa. Baba kuwa ko ɗagowa bai yi ba, ya ci gaba da nomansa.

Baba malamin firamare ne, amma rabin rayuwarsa a wannan fili ta ƙare. Wani zirin ƙasa ne tsakanin gidajen unguwa da rafi, wanda a da ruwa ke ɓantara kowace damina. Shi ya kira gayya aka dasa ciyawar jema a gaɓar rafin, aka bi da mangwaro da gwaiba da darbejiya, har ƙasar ta zauna. A nan yake kai 'yan ajinsa su koyi sunayen tsuntsaye da itatuwa, a nan muke 'yar gala-gala, maza na langa, matan unguwa na tsinkar zogale ba mai ce musu kanzil. Inna takan ce, "Da itatuwa na cin tuwo, da mu ba mu samu ba."

Da Alhaji ya samo izinin ɗibar ƙasa, Baba ya kai kuka wurin mai unguwa. Mai unguwa ya yanke abin da kowa ya sani: ba a taɓa shukar da ke ƙasa, Alhaji ya jira girbi. Baba ya yi godiya ya dawo gida, daga ranar kuma muka shiga uku. Kafin masara ta bushe ya cusa dankali a tsakani, kafin a haƙe dankali rogo ya kama, da rani kuma mu yi ta jido ruwa a bokiti muna ba tumatir da alayyaho. Wuyana ya ji jiki, na yi ƙunƙuni ba iyaka. Alhaji ya yi ta aike yana tambayar girbi, kullum a ce masa da saura.

To, ranar nan haƙurinsa ya ƙare. Ya ce an mai da shi sakarai, ya umarci leburori su fara daga inda nake. Na ruga na riƙe gefen rigar Baba. Duk da haka sai da Baba ya gai da Alhaji har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Alhaji, ban hana ka ba. Amma ka sa hannunka ka tuge na farko."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya daka wa babban leburan tsawa. Dattijo ne, da gani ɗan manoma. Ya ɗaga diga sama daidai kan kunyar, ni kuwa na runtse ido ina jiran ƙara. Shiru. Da na buɗe, sai na ga ya sauke ta a hankali.

"Ranka ya daɗe, ni dai ba na sarar abinci da ransa. A sallame ni."

Sauran suka jingine shebur ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallon ganyen dankalin, shi ma ya kasa sunkuyawa. Haka tifar ta juya ba ko ƙwayar ƙasa a cikinta.

Baba ya ci gaba da wannan shuka kan shuka har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu, aiki da aure sun watsa mu, aka tuge rogon ƙarshe aka raba wa maƙwabta, gonar ta zauna fayau a karon farko. Ba a kai wata daminar ba aka haƙe ta. Yau shaguna ne a wurin, rafin ya koma kwata, kowane watan Agusta ruwa na shiga ɗakunan mutane har gwiwa. Yaran unguwar ba su san an taɓa jin kukan tsuntsaye a nan ba. Sai yanzu na gane mutum guda ne ya riƙe mana ƙasar nan, kuma ina kewarsa.