Tod Ashirin Ba Rabi

Mahaifina, Enoch Maltby, har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda akwai wani abu wai shi kilo ba. Makiyayi ne a tuddan bayan garin Louth, kamar ubansa da kakansa, mai kiwon tumakin nan namu masu dogon gashi da ke rufe musu ido har ka rasa gaba da baya. Shi ma'auninsa tod ne, laba ashirin da takwas, tsohon ma'aunin ulu da tun ina ƙarama ba mai ambatonsa sai tsofaffin da haƙoransu suka zube. A wajensu, in za a yabi garken mutum, sai a ce tumakinsa suna yin uku-uku, wato gashin tunkiya uku ke cika tod ɗaya. Wanda nasa suka yi bibbiyu kuwa, har hula ake cire masa a kasuwa.

Kakana ya taɓa yin bibbiyu sau ɗaya tak, a 1911, ya sa wuƙa ya zana shekarar da harafin sunansa a jikin azarar ɗakin askin tumaki. Baba ya tashi yana kallon zanen nan, ya kuma shafe shekara hamsin yana neman ranar da zai zana nasa a ƙarƙashi. Ya canza raguna, ya canza makiyaya, amma kullum sai an sami abin da ya rage. Wata shekara ruwa ya yi yawa, wata shekara ciwon kofato ya shiga garke.

Mamanmu, Thirza, ba ta taɓa raga masa ba. Ranar aski sai ta shigo da butar shayi da biredi mai zabibi da cuku, ta kalli azarar, ta ce wuƙarsa dai ta kusa yin tsatsa. Sannan ta bi gashin da aka nannaɗe, ta zaɓi wanda ya fi kyau ta rungume, na kaɗinta ne, da shi take saƙa mana safa da rigunan sanyi. Shi kuma ya bi ta da “ɓarauniya” har ta fita. A lokacin mai sayen ulu da kansa yake zuwa da sikelinsa, yana ɗorawa yana ƙirga gashin da ƙarfi, kowa na ji. Ina kewar ƙarar sarƙar sikelin nan da warin maiƙon ulu a hannu.

Daga baya abin ya canza. Mota ke zuwa ta kwashe buhuna, bayan mako biyu takarda ta iso da nauyi a kilo. Mama ta rasu. Amma duk ranar aski sai na ga Baba ya ɗauki gashin tunkiya ɗaya, ya kai akwatinta ya rufe. Ban taɓa tambayarsa ba.

A 1984 gwiwoyinsa suka ƙi, muka yanke za a sayar da garken a lokacin kaka. Askin shekarar shi ne na ƙarshe. Tunkiya arba'in muka aske, kuma gashin ya yi kauri irin wanda ban taɓa gani ba. Baba ya ce shi dai tod ashirin yake nema, bibbiyu ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ranar da takardar ta iso muna teburin karin kumallo. Ya juya ta sama da ƙasa, ya turo mini.

“Ke da kika yi boko, mayar mini da wannan shirmen zuwa maganar mutane.”

Kilo ɗari biyu da arba'in da takwas aka rubuta. Na san tod ɗaya kilo sha biyu ne da ɗigo bakwai, don shekara da shekaru ni ke yi masa wannan aikin. Na raba a bayan ambulan, na sake rabawa. Sha tara da rabi, da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Wallahi na so in yi masa ƙarya. Amma Baba mutum ne da ke gane ƙarya tun tana maƙogwaro, sai na faɗa masa gaskiya.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Ya ce rabin tod, gashin tunkiya ɗaya ke nan, ya ture shayinsa ya tashi yana dafa bango.

Maganar tasa ce ta tsaya mini a rai. Na bi shi ɗakin aski, na same shi zaune a kan buhu yana kallon azara. Na ce ai akwai na bana a akwatin Mama, bari in ɗauko mu auna mu haɗa.

“A'a, yarinya,” in ji shi, ni da nake da shekara arba'in da bakwai. “Na uwarki ba ya hawa sikeli. Bai taɓa hawa ba.”

“To Baba, in bai hau ba, don me muke ƙirga shi? Guda nawa suka shiga buhu?”

Na ga leɓensa na motsi, yatsunsa na tafiya a kan gwiwa kamar yana ƙirga tumaki a ƙofar garke. Talatin da tara. Rabinsu sha tara da rabi, ashe bibbiyu suka yi. Da mai sikelin da ne, da tuni ya ƙirga da ƙarfi kowa ya ji, amma takarda ba ta san gashi nawa aka zuba ba, mu biyu kuma muka bi arba'in ido rufe.

Ya laluba aljihu ya fito da wuƙar. Ta yi tsatsa kuwa, da ƙyar ta buɗu. Na riƙe masa tsani, ya fi rabin awa yana zana lambobi huɗu. Da ya gama bai sa harafin sunansa ba kamar yadda kakana ya yi, harafin farko na sunan Thirza ya zana. Ya sauko yana share ido da bayan hannu.

“Kin ga ɓarauniyar nan,” ya ce. “Shekara shida a kabari, saura kaɗan ta sace mini wannan ma.”