Jirgin Da Bai Jira Taubashina Ba

A shekarun da ake haramar mulkin kai, aikin Hajji a damina yake faɗowa. Jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, masu hali a Bauchi suka soma yatsina fuska in an ambaci hanyar gabas, wadda ni na bi da ƙuruciya: Maiduguri, ƙasar Wadai, Sudan, har Sawakin a bakin teku.

Taubashina, ɗan gwaggona, ɗan kwangila ne. Ya sami ginin gidajen ma'aikata a unguwar Turawa, ya ajiye teɓa, ya sayi baƙar mota, sai ya ga ba abin da ya rage masa illa a ce masa Alhaji. Ya ce ta sama zai tafi, kuma da mahaifiyarsa, don a faɗa a gari. Ita gwaggo kuwa tun mijinta yana da rai take burin ta ga Ka'aba da idonta. Idon ya fara hazo, ta kuma san in bana ta wuce, da wuya ya kai baɗi.

Ya kira ni zaurensa wai in ba da shawara, ashe ya gama tsarinsa, mai tafa masa yake nema. Za a tashi ana gobe jirgi. Shi da gwaggo a baƙar mota, 'yan rakiya da maroƙa a manyan motoci a baya. A ci abinci a Ningi, a kwana a Birnin Kudu, a shiga Kano da hantsi mutane na kallo.

Na ce, "Ku tashi da wuri ku jira a Kano. In aka yi ruwa za a sa shinge a hanya, babbar mota ba ta wucewa sai ƙasa ta tsane. Jirgi kuma ba ya jiran kowa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Taubashi ke nan, sarkin tafiyar matsiyata! Rana ce ta dafa maka kai a Sudan. Wace mota ce ta taɓa tashi ta bar ni a garin nan? Direban jirgin ba mutum ba ne? A gaya masa ko ni wane ne."

Na taɓa ganin wani babban attajiri a Alƙahira yana gudu, jaka a hannu, kada jirgin ƙasa ya bar shi. Na ga manyan Turkawa da na Hindu a layi a Jidda ba mai yi musu fifita. A wurinmu ne kawai mutum yake auna girmansa da yawan waɗanda ya shanya.

Gwaggo ta yi bankwana irin na mutanen da. Ta bi gida-gida tana neman gafara, ta raba tukwanenta da awakinta, har gadonta ta bayar, ta ɗinka likkafani ta sa a ƙasan kaya.

"Inna, wata guda ne fa," in ji ɗanta.

"Haka na ga iyayena sun yi," ta ce.

Ranar tafiya ba a tashi ba sai bayan azahar, saboda ya canja riga, ya kuma tsaya maroƙa su ƙare kirari. Kafin Ningi hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa, muka tarar da shinge. Mai gadin ya ce ƙaramar mota tana iya wucewa, manyan ne sai an ga hali.

Na ce, "To ku wuce da Gwaggo, mu ma taho."

"In shiga Kano ni kaɗai kamar ɓarawo? Da maroƙana zan shiga."

Gwaggo tana cikin mota tana jan carbi. Aka kwana a nan, ruwa ya ƙara sauka da asuba. Da muka isa filin jirgi, jirgin ya tashi, sai tabarmin da alhazai suka bari. Shi ne jirgin ƙarshe na shekarar. Taubashina ya yi ta zazzaga wa wani akawu guntun Turancinsa, akawun yana kallonsa kamar yadda ake kallon akuya a bakin ofis. Da ya gaji ya juyo ya ce, "Inna, sai baɗi. Mu koma."

"In koma in ce wa wa ya dawo mini da tukunyata?" Ta juyo gare ni. "Kai, ina motocin gabas suke lodi?"

Ƙanenta, baffana, wanda rakiya kawai ya zo, shi ya bi ta da rigar jikinsa. Sun yi Arfa a shekarar da ta biyo baya. Baffa ya ce tun a Sudan idon ya rufe, sai hannunta ya kama ya ɗora mata a jikin Ɗakin Ka'aba.

Taubashina ma ya je a shekarar, ta sama. Ya dawo da haƙorin zinariya, ya zauna a zaure yana ba mutane labarin irin wahalar da ya sha kafin ya kai uwarsa Makka.