Mudun da Ke Ƙarƙashin Buhu

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina awon hatsi, kuma a mafi yawan shekarun nan mudu biyu gare ni. Ɗaya na saye, wanda na bubbuga gindinsa ya turo waje don ya ci da yawa. Ɗaya na sayarwa, wanda na bubbuga ya shige ciki. Da ana dawo da jiya, wannan zan fara gyarawa. Ban taɓa gaya wa kowa a gidana ba sai ranar Talatar da na raka jikata Rukayya Katabu. Tun daga ranar wasu tsofaffin abokan sana'a suka daina amsa sallamata, suna yawo da ni wai tsufa ya taɓa min kai. To ga yadda tafiyar ta kasance. Kowa ya karanta ya faɗi son ransa, ni dai ban janye ko kalma ɗaya ba.

Rukayya tana aji biyar a sakandare. Malamarsu ta ce kowa ya zaɓi tambaya guda ya bincika da kansa cikin hutu. Ita ta zaɓi ta gano ko mudu ɗaya ne a ko'ina, don ta gaji da jin uwarta tana mitar cewa awon wannan mako bai kai na wancan ba. Zatonta mudun gari ne ƙarami, na bayan gari babba. Babanta yana aikin ofis a Doka, ba shi da sarari, sai na ce ni zan kai ta. Ba don Allah na ce ba. Niyyata in bi da ita wurin mutanena, a miƙa mata mudu mai kyau, ta rubuta, mu dawo ba a tona komai ba.

Abakpa zuwa Kawo

Mun bar gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Tana ɗauke da ƙaramin sikeli mai batir da ta aro a makaranta, da rula, da littafi. Ni ta ɗora min jakar gero.

Na ce, "Uwargida, kasuwar hatsi za mu, kuma ki sa ni dakon gero daga gida?"

Ta ce, "Kaka, ai na taɓa yin wannan wautar. Mako guda na yi ina auna hatsin kowa a mudunsa a nan unguwa, ashe sabon gero ya fi tsoho nauyi. Duk aikin ya tashi a banza, na sake daga farko. Yanzu gero ɗaya zan zuba wa kowa."

Mai keke ya nemi ɗari huɗu kowa, muka daidaita a ɗari uku. Shida da minti goma muna Kawo. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha muna jiran masu awo su buɗe buhuna.

Kasuwar Kawo

Na nufi rumfar wani sanina kai tsaye, ta riƙe min hannun riga, ta ce sai an fara neman izinin shugaban masu awo. Muka same shi yana karyawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani. Ya dube ta, ya dube ni.

"Alhaji, hukuma ce ta aiko ku?"

Kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, aikin makaranta ne. Ba na rubuta sunan kowa. Lamba nake ba mutum, ɗaya, biyu, uku. Wanda bai yarda ba kuma ba dole."

Ya ce mu je. Na nuna mata wanda za mu fara da shi, ta ce a'a, ba ta son wanda na zaɓa, duk rumfa ta uku za ta tsaya. Nan dabarata ta fara rushewa.

Yadda take yi shi ne ta zuba geronmu a mudun mutum, ta shafe tozon da rula ya yi daidai da baki, ta juye a sikeli, ta rubuta. Sau uku kowane mudu. Wani ya ce, "Ikon Allah, boko har ya iso mudu!" Wani ya ce shi ba mace ce za ta auna masa kwano ba, ya zauna a kan nasa kamar kaza a kan ƙwai. Ta yi masa godiya, ta rubuta cewa ya ƙi, muka wuce. Zuwa ƙarfe tara da rabi ta auna mudu bakwai. Akwai ɗan bambanci tsakaninsu, amma ba wanda zai ta da hankali.

Kawo zuwa Katabu

Goma saura kwata muka shiga bas a tashar Kawo, ɗari biyar biyar. Tafiyar kamar kilomita ashirin ce ta hanyar Zariya, amma direba ya yi ta tsayawa ɗaukar fasinja. Bayan Rigachikun muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ga sikeli a cinyarta.

"Hajiya, gwal ake sayarwa?"

Ta ce, "Gero ne, ranka ya daɗe."

Ya buɗe jakar, ya ga geron, ya yi dariya ya ce mu wuce. Goma da rabi muka sauka.

Katabu

A nan manoma ke kawo hatsi daga ƙauyukan kewaye, masu awo na bakin titi su saya su sayar. Ta auna mudu uku, duk kusan irin na Kawo. Na ga ranta bai so ba, don ba abin da ta zo nema ke nan ba, amma ta rubuta yadda ya fito.

Lissafinta na rumfa ta uku ya kawo mu gaban Ɗanlami. Shi ne yaron shagona na da, a hannuna ya koyi awo, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Ya tashi da murna.

"Maigida! Yau da wa na tashi? Wannan ce 'yar wajen Sani? Kai, girman ɗan mutum!"

Ya sayo mana fura da nono. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ƙyafta min ido, ya miƙa mata mudu. Ina ganin gindinsa na gane na saye ne. Ta zuba, ta shafe, ta auna. Ta sake. Ta cire batir ta mayar, ta auna na uku. Ya ɗara duk sauran da kusan gwangwanin madara guda.

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Kaka, kun gani? Na bayan gari ya fi girma! Sauran ukun ne ƙila na yi kuskure."

Ta sa biro za ta rubuta. Na san in na yi shiru za ta kai wa malamarta ƙarya, ta tsaya gaban aji ta kare ta da zuciya ɗaya, kuma ƙaryar tawa ce, ni na ƙera ta tun ba a haifi ubanta ba. Na ce, "Dakata. Ɗanlami, ɗauko ɗayan."

"Wane ɗayan, Maigida?"

"Na ƙarƙashin buhun dawa, hannun hagu. Inda na koya maka ajiyewa."

Maƙwabtansa suka juyo suna kallonmu. Ɗanlami ya matso ya rage murya. "Haba Maigida, a gaban yarinya? A gaban mutane? Ku fa kuka nuna min yadda ake riƙe guduma."

Na ce, "Ni ne. Shi ya sa ni zan ce ka ɗauko."

Wani daga gefe ya ce, "Tsoho, ka ci naka ka ƙoshi, ka je Makka da shi, yanzu za ka hana wasu?"

Na ce masa, "Na ci, kuma ga shi ya tsaya min a wuya. In kana so ka kai shekaruna da irinsa, bismilla."

Ɗanlami ya ɗauko ya dangwarar a gabanta. Ta auna sau uku kamar na kowa. Wannan shi ya fi duk na ranar ƙanƙanta. Ta daɗe tana kallon mudun biyu. Sannan ta ja layi ɗaya a kan zatonta na farko, ba ta goge ba, ta rubuta a ƙasa cewa bai yi daidai ba: mafi girma da mafi ƙanƙanta a rumfa ɗaya ta same su. Ta yi wa Ɗanlami godiya, ta ce sunansa ba zai fito ba. Ya mayar da mudun ƙarƙashin buhu.

Komawa gida

Muka yi azahar a masallacin bakin titi, biyu da kwata muka samu mota. Muka taho har Rigachikun. Sai can ta ce, "Kaka, ashe tambayata ce gurguwa. Na yi ta tambayar girman mudu, ban tambayi mudu nawa mutum yake da shi ba. Sai na koma Kawo."

Na ce, "Talata mai zuwa. Ni zan ɗauki geron."

Ƙarfe uku da rabi muka shiga Abakpa. Ban zauna ba, na jawo tsohuwar adakata na fito da nawa biyun, duk sun yi tsatsa, na ajiye a tsakar gida gaban uwarta. Na ce ta auna, kuma ta rubuta sunana baro-baro.

Ta auna. Ta ce, "Suna kam a'a. Na yi wa kowa alkawari, ba zan karya don ku ba. Ku ne lamba goma sha biyu."

Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ƙi. To tun da ta ƙi, ni na rubuta da hannuna, da ɗan karatun da nake da shi. Duk wanda ya ga aikin Rukayya ya ga lamba goma sha biyu, ni ne. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa waɗanda suka miƙo mudunsu ba gardama. Masu fushi da ni su ci gaba, ba zan bi kowa gida ban haƙuri ba. Waɗanda ya kamata in ba haƙuri manoma ne da matan da suka sayi awo a hannuna, kuma yawancinsu ban san inda zan same su ba. Roƙona gare ku, masu karatu, kada wani ya ɗauki guduma ya taɓa gindin mudu, kuma kada ya koya wa ɗan wani.